Shayin furen yasmin: abin sha ne ko turare?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah wa ya san kan wannan shayin? Ƙanin maigidana ne ya dawo daga Chaina ya kawo min tsarabar wani ɗan gwangwani, rubutun jikinsa duk na Sinanci. Da na buɗe sai na ga ganyen a dunƙule, ƙanana kamar ƙwayar wake, ƙamshi kuwa har falo. Na ce yau maigida zai sha shayin manya. Na zuba cokali uku a tukunya, na jefa citta da kanumfari, na bar shi ya tafasa sosai kamar yadda na saba, na sa siga da madara. Wallahi ɗaci kamar maɗaci, ga wani ɗanɗano kamar na sabulu. Maigida ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye kofin, ya ce, "Maman Ilham, humra kika zuba min?" Shin shayin ne ya lalace ko ni ce ban iya ba?

Alhaji Na Kwari:
Wa alaikumus salam. Hajiya kin yi ɓarna, Allah ya ba da haƙuri. Shayin yasmin ne, su suna ce masa moli hua cha. Wanda aka dunƙule ɗin nan yana cikin masu tsada. Na fi shekara goma ina zuwa Gwanzu sarin kaya, ban taɓa ganin an ɗora shi a wuta ba. Ruwan zafi kawai ake zuba masa.

Baba Mai Shayi:
Ruwan zafi kawai? Ba siga ba madara? To wannan ai jiƙo ne, ba shayi ba. Shekara ashirin da shida ina kan tebur, wanda duk ya zo ya ce a ba shi ruwan ganye zalla, na san ko dai ba shi da lafiya ko aljihu ne ya yi sanyi.

Ɗalibin Fuzhou:
Baba ina gaisuwa. Anti Maman Ilham, shayinki lafiyarsa ƙalau, dahuwar ce ta kashe shi. Ni a Fuzhou nake karatu, babban birnin lardin Fujian, kuma nan ne gidan wannan shayin, har furen yasmin ɗin shi ne furen da birnin ya ɗauka a matsayin alamarsa. Ki gwada haka: ki tafasa ruwa ki sauke, ki bar shi a buɗe kamar minti uku zuwa biyar ya ɗan huce, ya sauko wajen digiri 80 zuwa 85. Ki sa ganye kamar giram 3, wato ƙaramin cokali ɗaya, a kofin gilashi mai cin ruwa kimanin mililita 150. Ki zuba ruwan, ki rufe da faranti, minti biyu. Za ki ga dunƙulen suna warwarewa a hankali suna komawa dogayen ganye. Kafin ki kurɓa ki ɗaga murfin ki shinshina shi, ƙamshin a jikin murfi yake taruwa. Idan kin shanye kada ki zubar da ganyen, ki ƙara ruwa. Mai kyau yana ɗaukar zubi uku ko huɗu, kuma ni na biyu na fi so.

Abin da ya faru da naki shi ne, ganyensa koren shayi ne, shi kuma koren shayi yana da bauri a ɓoye, kamar na ɗanyen goro. Tafasa ce ke fito da shi gaba ɗaya, sannan ƙamshin furen ya gudu da tururi, ya bar miki ɗacin. Citta da kanumfari kuma suka danne ɗan abin da ya rage.

Illo Damagaram:
A'a ɗan makaranta, dakata. Ka ce tafasa tana kashe koren shayi? Mu nan a fada kullum koren shayin Sin muke dafawa a kan gawayi, ya yi ta tafasa a buta har ya yi kauri, mu ɗaga shi sama mu tsiyaya har kumfa ta tashi. Na farko, na biyu, na uku. Daga Zinder har Agadas babu wanda ya ce ya mutu.

Ɗalibin Fuzhou:
Yaya Illo gaskiyarka, na yi kuɗin goro. Amma duba kwalin da kuke saya, za ka ga lamba kamar 41022 ko 3505. Mai 3505 shi ne dunƙulallen nan mai kama da harsashin bindigar toka, asalinsa lardin Zhejiang. Wancan ganye ne mai ƙarfi, kuma ku ɗacin kuke nema, sai ku tare shi da sukari mai yawa da na'ana'a. Na Anti kuwa kuɗinsa duk a ƙamshi yake. Kamar mutum ne ya sayi shadda mai tsada ya ba wa mai wanki ya dirje ta da dutse.

Illo Damagaram:
To na yarda da rabi. Amma shayin da ba kumfa, ba hira a bakin gawayi, minti biyu an gama, ina daɗinsa? Mu shayi uzurin zama ne.

Alhaji Na Kwari:
Malam Illo su ma haka ne fa. Ka shiga shagon Basine ka ce za ka sari kaya, ba zai fara maganar kuɗi ba sai ya zaunar da kai gaban wani ɗan tebur mai magudanar ruwa, ya yi ta zuba maka a 'yan kofuna kamar murfin kwalba. Kana shanyewa yana ƙarawa. Zuwana na farko na ɗauka rowa ce, don ba ya cika kofin. Daga baya tafintana ya ce min a wajensu cika wa baƙo kofin shayi har baki rashin ladabi ne, zai ƙona masa yatsu, shi ya sa suke tsayawa wajen kashi bakwai cikin goma. Kuma in an zuba maka sai ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. Suna ba da labari wai wani sarkinsu, Qianlong, ya fita yawo a ɓoye cikin talakawa, ya zuba wa bafadensa shayi, bafaden ba halin ya faɗi ya yi gaisuwa don kada asiri ya tonu, sai ya lanƙwasa yatsu a kan tebur a madadin durƙuso. Ko gaskiya ne ko tatsuniya, yatsun dai har yau ana ƙwanƙwasawa. In butar ta ƙare a gidan abinci kuma ba ka kiran kowa, murfin za ka ɗan zame, su zo su ƙara ruwa.

Hajiya Turai:
Ni tambayata daban. Maman Ilham, a cikin gwangwanin kin ga fure? Don ni na taɓa sayen wani a wani babban kanti a Abuja, cike yake da busassun fararen furanni, na ce wannan shi ne na asali. Ƙamshi kamar ka suma. Zubi ɗaya, na biyu sai ruwan banza.

Maman Ilham:
Hajiya ko ɗaya babu. Shi ya sa ma na yi zargin turare suka fesa masa.

Ɗalibin Fuzhou:
Hajiya Turai kin taɓo inda nake so. Anti, rashin furen nan shi ne shaidar cewa ƙanin maigidanki bai yi miki rowa ba. Mutanen Fuzhou suna da magana cewa a shayi mai kyau ana jin fure ne, ba a ganinsa. Bari in ba ku yadda ake yi, don na je na gani da idona a lokacin hutu, kuma tun daga ranar na daina ganin tsadarsa.

Ganyen shayin da bazara ake tsinkarsa, wajen watan Maris zuwa Afrilu, a gasa shi a busar a ajiye. Furen kuma ba ya fitowa sai zafi ya kankama, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Wato ganyen zai yi watanni yana jiran furen. Masu tsinka, yawanci mata, da tsakar rana suke shiga gona, rana na dukansu, suna zaɓar toho wanda ya cika ya yi fari amma bai buɗe ba, wanda suka san a daren nan zai buɗe. Wanda ya riga ya buɗe ba shi da amfani, ƙamshinsa ya tafi. Wanda ruwan sama ya jiƙa shi ma ba a so.

Da yamma a kai shi masana'anta a baza, ana juyawa ana tarawa ana bazawa, don kada ya yi zafi ya ruɓe, kada kuma ya yi sanyi ya ƙi buɗewa. Yasmin da dare yake buɗe baki. Da ya fara buɗewa, bayan isha'i, sai a haɗa shi da ganyen shayi, shimfiɗar ganye shimfiɗar fure, a gauraya a tara tsibi. Furen yana da rai, yana numfashi, tsibin sai ya ɗauki zafi kamar tarin ɗanyen hatsi. Cikin dare sai an tashi an baza shi ya sha iska a sake tarawa, in an yi sakaci shayin ya ɗauki warin ruɓa. Da safe furen ya yi laushi ya koma ruwan ɗorawa, ya ba da abin da zai bayar. Sai a tankaɗe a fitar da shi duka, a gasa ganyen kaɗan don ya bushe, a bar shi ya huta kwanaki.

Wannan fa zagaye ɗaya ke nan. Sai a sake da sabon fure. Na kasuwa sau biyu ko uku, mai kyau sau biyar zuwa bakwai, na ƙarshen daraja har sau tara. Kowane zagaye dare guda ne ba barci. Shi ya sa ƙamshin yake shiga cikin ganyen har ya kai zubi na huɗu.

Hajiya Turai:
Ikon Allah. Ashe turara shi ake yi. Wannan ai aikinmu ne na mata. Kaya ma in kina so turaren wuta ya kama su, ba sau ɗaya za ki ɗora a kan kabbasa ba, sai kin maimaita, kuma ba a ganin gawayin a jikin zane. Kakata a Katsina randarta ba ta rabuwa da saiwar jema, ruwan ya yi sanyi ya yi ƙamshi, ba wanda ya taɓa cewa turare ta ba shi ya sha.

Ɗalibin Fuzhou:
Hajiya kin fi ni iya bayani. Ganyen shayi mayen wari ne, duk abin da ke kusa da shi sai ya zuƙe. Game da naki na Abuja, ba zan rantse ba tunda ban gani ba, amma alamar da kika faɗa, ƙamshi mai hawa kai a zubin farko sannan shiru, ta fi kama da wanda aka fesa wa sinadarin ƙamshi aka watsa busasshen fure don ado. Busasshen furen yasmin kusan ba shi da ƙamshi. Sai dai kada in yi wa mutanen Sichuan ƙarya: suna da nasu mai suna Bitan Piaoxue, da gangan suke barin furanni su yi iyo a saman kofi, kuma shayi ne na gaske. Don haka ganin fure ba hukunci ba ne. Zubi na biyu da na uku su ne alƙalai.

Baba Mai Shayi:
Yaro ka iya zance. Amma duk wannan wahala, a ƙarshe mutum ya sha ya tashi cikinsa fayau? Lebura ya zo wajena da asuba, in haɗa masa mai kauri da burodi da ƙwai, ya kai azahar yana aiki. Wannan naku na masu ƙoshi ne.

Malam Habu Tarihi:
Baba, a nan kam zan ɗan saɓa maka. A Beijing wannan shayin na kowa da kowa ne, har da masu jan kura. Abin mamaki ma, furen ba ya son sanyin arewa, a kudu ake nomansa, amma mutanen arewacin Sin suka fi kowa shan shayinsa. Dalilin da aka fi faɗa shi ne ruwan rijiyoyin tsohon Beijing yana da zartsi, ƙamshin furen ne ke rufe shi. Akwai tsofaffin shagunan shayi da har yanzu suna nan, kamar Wuyutai da aka buɗe a 1887, da Zhang Yiyuan, kuma da shayin yasmin aka san su. Talaka da ba zai iya sayen mai tsada ba sai ya sayi ɓarɓashin da ya rage a gindin akwatin shayi mai daraja, suna ce masa gaomo, a farashi mai sauƙi. Kamar dai yadda ake sayen tsakin shinkafa.

Shi furen ma baƙo ne a Sin. Daga yankin Indiya ya shiga ta hannun fatake, ana cewa tun zamanin daular Han. Sunan yasmin da muke sa wa 'ya'yanmu mata daga Farisanci ya shiga Larabci. Turara shayi da fure an san shi tun daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279, amma bai zama babbar sana'a ba sai a ƙarni na 19 zamanin daular Qing. Fuzhou tana cikin tashoshin ruwa biyar da aka tilasta wa Sin ta buɗe wa Turawa a yarjejeniyar Nanjing ta 1842, bayan yaƙin da Ingila ta yi da ita a kan cinikin ƙwayar maye ta ofiyom, kuma ba a daɗe ba garin ya zama babbar kasuwar shayi.

Ɗalibin Fuzhou:
Malam Allah ya ƙara ilimi. In ƙara da na kwanan nan: a 2014 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsarin noman yasmin da shayi na Fuzhou cikin gadon noma na duniya, shayi a kan tudu, fure a fadamar bakin kogin Min. A 2022 kuma UNESCO ta amince da dabarun sarrafa shayi na gargajiya na Sin, a taron da aka yi a Rabat, kuma turara shayi irin na Fuzhou yana ciki. Sai dai gaskiya yau yawancin furen ba a Fuzhou ake nomansa ba. Gari ya faɗaɗa ya cinye gonaki, noman ya koma Hengzhou a yankin Guangxi. Har ganyen shayi ake lodawa daga wasu larduna a kai can a turara a dawo da shi. Mutanen Fuzhou ba sa son a tuna musu wannan.

Illo Damagaram:
Rabat! Ka ga an dawo gida. Maroko ai su ne manyan masu sayen koren shayin Sin, kuma sun fi mu zuba sukari. A garin masu sukari aka ba marasa sukari takardar yabo.

Maman Ilham:
Ni duk kun tafi tarihi kun bar ni da gwangwani. Tambaya ɗaya: in na sa siga na yi laifi? Don maigida ba zai sha abu salam ba.

Alhaji Na Kwari:
Hajiya kwantar da hankalinki, akwai mafita, kuma daga wajen 'yan uwanmu Musulmi ta fito. Mu in muna Gwanzu a unguwar Xiaobei muke cin abinci, gidajen Musulmin Sin masu taliyar hannu da naman sa. Mutanen arewa maso yamma ne, Gansu da Ningxia da Qinghai. Suna da wani shayi da suke kira babao cha, wato mai taska takwas. A kofi mai murfi da faranti ake kawo shi, a ciki akwai ganyen shayi, sau da yawa na yasmin ɗin nan, da jan dabinonsu wanda ɗan uwan magaryarmu ne, da zabibi, da riɗi, da wasu 'ya'yan itatuwa busassu, da ƙanƙarar sukari dunƙule guda. Sukarin a hankali yake narkewa, kurɓar farko ƙamshi, can gaba zaƙi ya taso. Shi suke ba baƙo. Don haka masu cewa Basine ba ya sa zaƙi a shayi ba su zagaya ba.

Baba Mai Shayi:
Yauwa! Alhaji yanzu ka yi magana. Na san duk inda Musulmi yake ba zai sha ɗaci da gangan ba. A kawo mai taska takwas ɗin, in ƙara masa ta tara, madara.

Ɗalibin Fuzhou:
Baba don Allah ban da madara, na roƙe ka. Ko da yake in na faɗi gaskiya, matasan nan layi suke yi a shagunan shayin madara, kuma mai yasmin yana cikin wanda suka fi saya, da ƙanƙara a kofin roba. Tsofaffinsu suna kallonsu kamar yadda kake kallona. Anti, shawarata ki sha zubin farko ba komai ko sau ɗaya ne, ki san abin da aka kawo miki. Mai kyau yana da wani ɗan zaƙi nasa da ke tasowa a maƙogwaro bayan an haɗiye, mutanen Fuzhou suna kwatanta shi da zaƙin ƙanƙarar sukari. Bayan nan ki sa wa maigida zuma kaɗan ko siga rabin cokali.

Anti Nas:
Ku ba ni wuri in sa baki kafin wata ta fara tallarsa a matsayin maganin tumbi. Ba ya narkar da kitse. In mutum ya bar shayi mai cokali huɗu na siga da madarar gwangwani ya koma wannan, zai iya ganin canji, amma sigar da ya bari ce ta yi aikin. Na biyu, fure ne a suna amma ganyen shayi ne, yana da sinadarin hana barci irin na goro da kofi, duk da bai kai kofi ba. Mai fama da rashin barci kada ya sha da dare. Na uku, masu ciki da masu ƙarancin jini, kada ku sha shi tare da abinci ko ku kora maganin ƙarin jini da shi, shayi yana rage yadda jiki ke zuƙar sinadarin ƙarfe. A ba da tazarar awa ɗaya ko biyu. Wasu kuma in suka sha koren shayi da wofin ciki yana tayar musu da zuciya.

Hajiya Turai:
Anti Nas kin kyauta. Ni ma in ƙara nawa gargaɗin daga abin da ya same ni: wancan na Abuja a kabad ɗaya na ajiye shi da daddawa. Bayan sati biyu ba na ba ku labari.

Malam Habu Tarihi:
Hajiya kin ƙirƙiro sabon nau'i, a kai wa UNESCO. Wani abin da mutane ba su lura ba, koren shayi da baƙin da Baba ke dafawa duk itace ɗaya ne, irin wanda ake nomawa a tsaunin Mambila a Taraba. Bambancin a sarrafawa yake: kore ana gasa shi da wuri kafin ya canja launi, baƙi kuma a murza shi a bar iska ta yi aikinta har ya yi duhu.

Illo Damagaram:
Ɗan makaranta, in na jefa 'yan ƙwayoyi biyar na irin na Maman Ilham a buta a zagaye na uku, bayan na sauke daga wuta, me zai faru?

Ɗalibin Fuzhou:
Yaya Illo in ka cire na'ana'a a wannan zagayen, ina ganin zai yi daɗi. Ka gwada ka ba mu labari, ni ma ina so in ji.

Maman Ilham:
To jama'a na dawo. Na yi yadda ƙanina ɗalibi ya ce, a kofin gilashi, na rufe da faranti. Ilham ta tsaya tana kallon ganyen yana buɗewa, ta ce tsutsa ce, ta gudu. Ruwan ya fito fatsi-fatsi kamar ba a sa komai ba, har na ce an cuce ni. Amma da na kurɓa babu ɗacin nan ko kaɗan, sabulun ma babu, ƙamshin kuma ba a hanci yake tsayawa ba, sai bayan na haɗiye na ji shi yana dawowa. Zaƙin maƙogwaron da aka faɗa ban tabbatar na ji shi ba, ko don an faɗa min ne nake zaton na ji. Zubi na biyu ya fi, gaskiyarka. Na uku ma da sauran ƙamshi. Maigida ya sha da zuma, ya ce ba laifi, amma a haɗa masa nasa na kullum kafin ya fita.

Baba Mai Shayi:
Maigidanki mutumin kirki ne, ki gaishe shi. In ƙaninsa zai koma, a ce ya taho min da ɓarɓashin nan na talakawa da Malam Habu ya faɗa, rabin kilo. Ba sha zan yi ba, gani kawai nake so in yi.

Alhaji Na Kwari:
Baba rabin kilo duk na gani ne? Wata mai zuwa zan tafi in Allah ya yarda, ka turo min saƙo ta gefe.